LOST: Wai tun farko matattu ne, ko kuwa bom ɗin Juliet ne ya raba tarihi biyu?

Duk inda masu kallon finafinan Turawa masu dogon zango suka taru, waɗanda matasa ke kira 'sizin', da zarar an ambaci sunan 'Lost' to da wuya a tashi ba a yi musu ba. Wani zai ce, "Kai rabu da shi, ɓata lokaci ne! Ashe duk sun mutu tun ranar da jirgin ya faɗi." Wani zai ce a'a, ai bom ɗin da Juliet ta tayar ne ya raba tarihi gida biyu. Na uku kuwa dariya zai yi, ya ce shi tun da aka fara tsalle daga wannan shekara zuwa waccan ya cire faifan ya ajiye, don kansa ya ɗau zafi.

Musun yana da dalili. Shirin kashi 121 ne, wato sama da awa 80 na kallo. Wanda ya kashe kuɗin faifai da na man janareto, ya hana idonsa barci, yana da haƙƙin ya san ko an yi masa wasa da hankali ne ko kuwa shi ne bai gane ba. Amma gargaɗi ga mai karatu: wanda bai kalli shirin ba, kuma yana da niyya, to ya sani za a fasa ƙwai a nan.

JIRGI MAI LAMBA 815

Gidan talbijin na ABC da ke Amurka ne ya fara nuna 'Lost' a ran 22 ga Satumba, 2004, aka kammala shi a ran 23 ga Mayu, 2010, bayan zango shida. J.J. Abrams da Damon Lindelof da Jeffrey Lieber ne suka ƙirƙiro shi, daga baya Lindelof da Carlton Cuse suka riƙe ragamar labarin har ƙarshe. A tsibirin Oahu na jihar Hawayi aka ɗauki kusan dukkan shirin, kuma a 2005 ya lashe kambun Emmy na gwarzon wasan kwaikwayo.

Labarin ya fara ne kamar mai sauƙi. Jirgin kamfanin Oceanic mai lamba 815 ya taso daga Sidni ta ƙasar Ostareliya zai je Los Anjeles, sai ya tarwatse a sama ya faɗo wani tsibiri da babu shi a taswira. Cikin waɗanda suka tsira akwai likita Jack Shephard (Matthew Fox), da Kate wadda aka ɗauko da ankwa a hannu, da ɗan damfara Sawyer, da tsohon sojan Iraƙi Sayid Jarrah, da Hurley mai ƙiba da barkwanci, da John Locke, wanda ya shiga jirgi a keken guragu amma ya miƙe da ƙafafunsa a tsibirin. 'Yan kallo a Nijeriya kuma ba za su manta da Mista Eko ba, wanda Adewale Akinnuoye-Agbaje ya fito a matsayinsa, tsohon ɗan daba mai safarar ƙwaya daga Nijeriya da ya rikiɗe ya koma fada.

A zango biyun farko babu maganar tafiya cikin zamani. Abin da ake yi kawai shi ne a riƙa waiwayar rayuwar kowane ɗan wasa kafin haɗarin. Sai aka gano wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mallakar wata ƙungiyar masu bincike mai suna Dharma, a ciki akwai wani mutumin Sikotilan, Desmond Hume, wanda aikinsa shi ne ya danna lambobi 4, 8, 15, 16, 23, 42 a kwamfuta duk bayan minti 108, don a rage ƙarfin maganaɗisun da ke taruwa a wurin. Ranar da ya makara bai danna a kan lokaci ba, ranar ce maganaɗisun ya fizgo jirgi 815. A riƙe wannan da kyau, domin a kansa duk rigimar za ta tsaya.

DOKAR FARKO: BAKIN ALƘALAMI YA BUSHE

Masu shirya finafinan komawa baya a zamani hanya biyu suka fi bi. Ta farko ita ce wadda in ka koma baya ka taɓa wani abu, to yau ɗinka ma za ta sauya. Haka aka yi a 'Back to the Future' na 1985, haka kuma aka yi a fim ɗin Indiya 'Action Replayy' na 2010, na su Akshay Kumar da Aishwarya Rai, inda yaro ya koma shekarun 1970 don ya gyara zaman iyayensa. Hanya ta biyu ita ce wadda tarihi guda ɗaya ne tal: in ma ka koma baya, to dama can kana cikin abin da ya faru, ba ka dai sani ba ne. Masana kimiyya suna danganta wannan ra'ayi da wani Barashe, Igor Novikov.

'Lost' ta biyun ya zaɓa, kuma ya faɗi haka ƙarara tun a zango na uku, cikin 2007. Bayan ɗakin ƙarƙashin ƙasan ya tarwatse, hankalin Desmond ya koma Landan a 1996, lokacin da yake shirin sayen zoben da zai ba budurwarsa Penny. Tsohuwar da ke shagon, Eloise Hawking, ta nuna masa wani mutum mai jan takalmi. Nan take ƙarafan gini suka rufto wa mutumin ya mutu. Desmond ya tambaye ta me ya sa ba ta gargaɗe shi ba tunda ta sani? Ta amsa masa cewa ko ta cece shi yau, gobe mota ce za ta buge shi, in ya tsallake wannan kuma santsin banɗaki na jiran sa.

Desmond bai haƙura ba. Da ya dawo tsibirin ya riƙa hango mutuwar mawaƙi Charlie kafin ta faru, yana tare ta. Ya kare shi daga tsawa, ya hana shi nutsewa a teku, ya kauda shi daga kibiya. Amma a ƙarshen zangon sai da Charlie ya nutse a wata tasha ta ƙarƙashin ruwa. Iyakar abin da Desmond ya iya shi ne jinkirta ranar.

WAYAR DA TA SA MAZA KUKA

A ran 28 ga Fabrairu, 2008 aka nuna kashin da mutane da dama ke ɗauka a matsayin mafi kyau a duk shirin, wato 'The Constant'. Desmond ya hau helikwafta tare da Sayid za su je wani jirgin ruwa, suka ratsa hadari, sai hankalinsa ya fara kai-da-kawo tsakanin 2004 da 1996, lokacin yana soja. Gangar jikinsa ba ta zuwa ko'ina, hankalin ne kawai ke tafiya. A 1996 ɗin ya nemo wani matashin malamin kimiyya a Jami'ar Oxford, Daniel Faraday, wanda ya gaya masa cewa ƙwaƙwalwarsa za ta tarwatse sai in ya samu wani abu da yake ƙauna ƙwarai, wanda kuma yake nan a zamunan biyu, ya zame masa turke.

Turken nan Penny ce. A 1996 sun rabu, tana fushi da shi, amma ya je ƙofar gidanta ya roƙe ta lambar waya, ya yi mata alƙawarin ba zai kira ba sai bayan shekara takwas, ran 24 ga Disamba, 2004. Sayid ya gyara wayar jirgin ruwan, Desmond ya buga, waya ta yi ta ƙara. Sai Penny ta ɗauka. Ba ta sauya lamba ba!

A lura, ko a nan ba a gyara tarihi ba. Abin da Desmond ya yi a 1996 shi ne ya sa wayar 2004 ta shiga.

TSIBIRI YA KWANCE

A ƙarshen zango na huɗu mutum shida suka bar tsibirin: Jack, Kate, Hurley, Sayid, Sun da jariri Aaron. Shi kuma Ben Linus (Michael Emerson), shugaban mutanen da suka tarar a tsibirin, wanda ƙarya ta zame masa ruwan sha, ya sauka wani kogo mai ƙanƙara ya murza wata tsohuwar ƙafar keke ta katako. Tsibirin ya ɓace ɓat, Ben kuma ya tsinci kansa a hamadar Tunisiya cikin Oktoba, 2005.

Zango na biyar, na 2009, shi ne inda aka fi asarar 'yan kallo masu gajen haƙuri. Waɗanda suka rage a tsibirin, su Sawyer da Juliet da Locke da Faraday da Miles da Charlotte, sai wani farin haske ya riƙa haske su yana jefa su wata shekarar. Faraday ya kwatanta abin da faifan garmaho da allurarsa ke tsalle. A ɗaya daga cikin tsallen ne Locke ya ga faɗuwar ƙaramin jirgin nan da ya taso daga Nijeriya ɗauke da ƙwayar heroin a cikin gumaka, wanda gawar Yemi, ƙanen Mista Eko, ke ciki. A da tarkacensa kawai aka sani, yanzu ga shi yana faɗowa a gaban idon Locke.

A wani tsallen suka dira 1954, suka tarar da wani ƙaton bom na haidirojin mai suna Jughead da sojojin Amurka suka kawo. Faraday ya ba wata budurwa mai bindiga, Ellie, shawarar a binne shi. A nan kuma Locke ya miƙa wa Richard Alpert, mutumin da ba ya tsufa, wani kamfas, wato agogon gane alƙibla. To wa ya ba Locke kamfas ɗin? Richard ne da kansa, a 2007. Wa ya ba Richard? Locke, a 1954. To wane maƙeri ne ya ƙera shi? Hmm! Har yau masoya shirin suna tafka muhawara a kai.

Tsallen ba kyauta ba ne. Haɓo ya fara zubo musu, Charlotte ta rasu. Kafin ta cika ta tuna cewa tana yarinya a wannan tsibiri wani mutum mai ban tsoro ya ce mata ta tafi kada ta ƙara dawowa, in ta dawo za ta mutu. Mutumin Faraday ne. Ya yi rantsuwa ba zai faɗa mata ba, amma da ya gan ta tana ƙarama a 1977, sai da ya faɗa.

HARBI BIYU A 1977

Bayan Locke ya daidaita ƙafar keken, su Sawyer suka maƙale a 1974. Suka shiga cikin 'yan Dharma, Sawyer ya koma Jim LaFleur, shugaban tsaro, shi da Juliet suka zauna tare shekara uku. Ana cikin haka sai su Jack suka dawo a jirgin Ajira mai lamba 316. Jirgin a 2007 ya taso, amma Jack da Kate da Hurley da Sayid a 1977 suka farka.

A nan aka gwada dokar da gaske. Sayid, wanda Ben ya mayar makashi a duniyar waje, ya ci karo da Ben yana yaro ɗan shekara 12, mai tabarau, wanda ubansa mashayi ke duka. Tsohuwar tambayar nan ce: in ka samu azzalumi yana yaro, za ka kashe shi? Sayid ya harbe shi a ƙirji. Aka nemi Jack ya yi masa tiyata, ya ƙi. Da babu yadda za a yi, Kate da Sawyer suka ɗauki yaron suka kai wa Richard. Richard ya ce zai warkar da shi, amma su sani yaron ya zama nasu har abada, kuma tsarkin zuciyarsa ya tafi. Ka ji gudun gara an faɗa gidan zago. Harbin Sayid da ƙin da Jack ya yi su ne suka haifar da Ben ɗin da suke ƙi.

Marubutan sun san 'yan kallo sun rikice, don haka suka sa Hurley ya zama bakinsu. Ya zauna yana duba tafin hannunsa ko zai ɓace kamar yadda ake yi a 'Back to the Future', Miles yana yi masa bayani yana ƙara ruɗewa. Bayanin dai shi ne: 1977 jiya ce ga duniya, amma ga su Hurley yau ce, don haka za su iya mutuwa a can.

Harbi na biyu ya fi ciwo. A kashi na 100 na shirin, Faraday da kansa ya sauya ra'ayi, ya ce wataƙila mutane na iya karya lissafi. Ya shiga sansanin su Richard da bindiga yana neman bom ɗin nan na 1954, sai wata mata ta harbe shi ta baya. Matar Ellie ce, wato Eloise Hawking, wato mahaifiyarsa, kuma a lokacin tana ɗauke da cikinsa. Ita ce daga baya ta raine shi, ta hana shi kiɗan fiyano ta tura shi kimiyya, ta matsa masa ya je tsibirin, alhali ta san harsashin wa ke jiran sa. Tirƙashi!

BOM YA TASHI, KO BAI TASHI BA?

Jack ya ɗauki shirin Faraday. Lissafinsa shi ne: a tayar da bom a wurin da 'yan Dharma ke haƙa, maganaɗisu ya lalace, ba za a gina ɗakin ba, Desmond ba zai makara ba, jirgi 815 zai sauka lafiya. Duk wanda ya mutu zai dawo. Kate ta tuna masa cewa in haka ta faru ba za su taɓa sanin juna ba, ita kuma kurkuku za ta wuce. Miles ya jefo tambayar da ta fi kowacce: shin ba ku tunanin bom ɗin nan shi ne ainihin haɗarin da kuke son hanawa?

Jack ya jefa bom cikin ramin, shiru. Maganaɗisu ya fara zuƙe duk wani ƙarfe, sarƙa ta naɗe Juliet ta ja ta ciki, hannunta ya suɓuce daga na Sawyer. A can ƙasa, jina-jina, ta ɗauki dutse ta yi ta dukan bom ɗin, sai allon talbijin ya yi fari fat. A watan Mayu na 2009 ke nan. Kusan wata tara 'yan kallo suka yi suna jira.

A ran 2 ga Fabrairu, 2010 zango na shida ya buɗe da Jack a cikin jirgi 815. Jirgi ya girgiza, ya daidaita, ya sauka Los Anjeles lafiya. Kyamara ta nutsa teku, ga tsibirin can a ƙarƙashin ruwa. Sai kuma aka yanko: ga su Jack sun farka a tsibirin a 2007, babu abin da ya sauya. Kowa ya ce shi ke nan, tarihi ya rabu biyu. A ɗayan ɓangaren Sawyer ɗan sanda ne, Ben malamin tarihi ne a makarantar sakandare, Hurley ya fi kowa sa'a, Jack yana da ɗa mai suna David.

Ashe tarko ne. A kashi na ƙarshe mutanen wancan ɓangaren suka riƙa tuna rayuwarsu ta tsibiri ɗaya bayan ɗaya: Sun da Jin wajen hoton ciki, Kate wajen karɓar haihuwar Claire, Sawyer da Juliet a gaban injin sayar da alewa. A ƙarshe Jack ya haɗu da mahaifinsa marigayi Christian a wani ɗakin ibada, uban ya warware masa. Wannan wuri ba wani tarihi na biyu ba ne. Matattara ce da marubutan suka ƙaga, inda mutanen ke haɗuwa bayan kowa ya mutu a lokacinsa. Christian ya ce duk abin da ya faru da Jack ya faru da gaske, wasu sun riga shi mutuwa, wasu kuma sun daɗe a bayansa.

Saboda haka zancen "tun farko matattu ne" ba shi da tushe. Jack a tsibirin ya mutu, cikin gorar da ya fara buɗe ido, kare Vincent na kwance a gefensa, yana kallon jirgin Ajira ya tashi da Kate da Sawyer da Claire da Miles da Richard da matuƙi Frank. Hurley ya gaji riƙon tsibirin, Ben na taimaka masa. Abin da ya ƙara rura jita-jitar shi ne hotunan tarkacen jirgi babu kowa da aka nuna lokacin da sunaye ke wucewa, waɗanda gidan ABC ya ce shi ya saka su, ba sa cikin labarin.

Zancen bom ya raba tarihi shi ma bai tsaya ba. Da su Jack suka farka a 2007, a bakin ramin ɗakin Desmond suka farka, wato an gina ɗakin, an danna lambobin, jirgi ya faɗi. Miles ne ya yi gaskiya.

INDA AKA CI, DA INDA AKA ZAME

Masu fushi ma suna da abin kamawa. Nuna tsibirin a ƙarƙashin ruwa yaudara ce tsagwaronta, don a sa mutane su yarda bom ya yi aiki. David, yaron da aka ɓata lokaci ana gina shaƙuwarsa da Jack, ashe babu shi. A zango na biyar wasu mutane sun bi su Sawyer a kwalekwale suna harbi, har shirin ya ƙare ba a faɗi ko su wane ne ba. Shi ma Desmond an ce dokar ba ta hau kansa kamar kowa ba, wanda hakan wata ƙofa ce marubutan suka bar wa kansu.

Amma a kan babbar tambayar, shirin bai ci amanar 'yan kallo ba. Tun 2007 ya ce jiya ba ta gyaruwa, kuma bai janye ba ko da jaruminsa ya ɗauko bom. Kowa a cikinsu yana da abin da yake son gogewa: Kate ta kashe uba, Sawyer ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, Sayid ya azabtar da fursunoni. Babu wanda aka goge wa. Abin da aka ba su shi ne damar yin wani abu da sauran kwanakinsu, kuma sai da Jack ya daina kokawa da 1977 sannan ya yi abin kirki a 2007.

Bayan 'Lost' wasu sun bi sawu. 'Dark' na ƙasar Jamus, wanda Netflix ta nuna daga 2017 zuwa 2020, ya ɗauki irin wannan ƙulli ya ƙara tsuke shi, yana tsalle shekara 33-33 a wani ƙaramin gari mai suna Winden. 'Signal' na Koriya ta Kudu, na 2016, shi kuma ya bi ɗaya hanyar, inda 'yan sanda biyu ke magana ta oba-oba daga zamani biyu, abin da suka taɓa a baya yana sauya yau.

Ga mai shirin sake kallon 'Lost', ga wani ɗan aiki. A farkon zango na biyu, na 2005, Desmond ya nuna wa Jack da Locke wani tsohon fim na Dharma, inda wani masanin kimiyya mai farar riga ke bayanin cewa an taɓa samun wani haɗari a wurin. A duba hannunsa ɗaya, ba ya motsi. Masanin shi ne Pierre Chang, mahaifin Miles. Sai a tsallaka ƙarshen zango na biyar, ranar da Jack ya jefa bom, a ga ƙarfen da ya danne wannan hannu, a kuma ga wanda ya ruga ya zaro shi.